Abin da Ke Raba Ɗalibin Jami'a da Hankalinsa a Kan Littafi

Duk wanda ya taɓa ratsa harabar jami'a a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri ana saura mako guda a fara jarrabawa ya san yadda dare ke komawa rana. Ajujuwan da ke da wuta sun cika maƙil, kowa ya baje handawut ɗinsa a benci, wannan da filas na shayi, wancan da goro a aljihu ko gwangwanin lemon ƙara kuzari. Masu shayi da masu dafa Indomie a bakin hostal ba sa tashi sai an yi kiran assalatu. Ɗalibai na kiran wannan zama TDB, wato karatu har gari ya waye. Sai dai in mutum ya tsaya a bayan aji ya zuba ido, zai ga wani abu da ke ta maimaita kansa daga benci zuwa benci. Kai zai sunkuya a kan takarda minti uku ko huɗu, sai hannu ya zame zuwa waya, fuska ta yi haske. A duba guruf ɗin aji ko an yi sanarwa, daga nan a leƙa status, daga nan TikTok. Bayan wani lokaci a dawo kan takarda, a nemi inda aka tsaya a rasa, a koma farkon shafi. Kafin ƙarfe uku na dare rabin ajin sun kifa kai suna barcin da ba zai wadatar da su ba.

Washegari irin wannan ɗalibi zai ce maka ya kwana yana karatu amma babu abin da ya zauna, kuma ba ƙarya yake yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayanin da yake ba kansa. Ko dai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi malalaci ne, ba shi da kan boko, ko kuma ya ɗauka akwai wani abu da ake haɗiya wanda ke ɗaure hankali wuri guda, waɗanda suka fi shi maki sun san shi, shi ne aka bari a baya. Iyaye sukan tsaya a bayani na farko, su bi yaro da faɗa da nasiha. A ganina duka biyun sun kauce hanya. Abin da masana halayyar ɗan Adam suka tara a 'yan shekarun nan ya fi nuna cewa hankali yakan gudu ne daga karatun da bai ba shi aikin yi ba. Gudun yakan fi sauri idan an ajiye masa mafaka a gefen littafi, kuma jikin da ke ɗauke da shi bai sami barci ba. Akasarin wannan yana hannun ɗalibi, kuma babu ko ɗaya da ake saya a kemis.

Gara a fara kawar da maganar ƙwaya, tunda ita ce mai kai mutum kabari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tramadol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Alƙaluman ba na ɗalibai kaɗai ba ne, amma abin da ke cikin gari shi ke shiga makaranta, kuma sau da yawa ta ƙofar “zai hana ka gajiya” yake shiga. Tramadol maganin ciwo ne. Yana kama jiki, yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma babu abin da ya haɗa shi da fahimtar darasi.

Har magungunan da aka yi su musamman don masu lalurar rashin natsuwa, irin su Ritalin da Adderall, waɗanda ɗalibai masu lafiya a Amurka da Turai ke arowa lokacin jarrabawa, ba su cika alkawarin da ake jingina musu ba. A 2023 masu bincike daga jami'o'in Melbourne da Cambridge sun ba mutum 40 masu lafiya irin waɗannan magunguna, suka sa su warware wani lissafi mai sarƙaƙiya. Mutanen sun ƙara himma, sun daɗe a kan aikin, sun yi ta gwada wannan da wancan, amma ingancin amsarsu ya ɗan ragu ne, kuma waɗanda suka fi ƙwazo in ba su sha komai ba su suka fi komawa baya. Shekara goma kafin nan, Martha Farah da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun gano cewa Adderall bai ƙara wa matasa masu lafiya wani abin a-zo-a-gani ba a gwaje-gwajen tunani, amma su masu shan sun yi imani ya ƙara musu. Abin da ƙwaya ke ba mai lafiya shi ne jin cewa yana karatu sosai, kuma mai duba takardar jarrabawa ba ya ba da maki a kan wannan jin.

To, in an bar ƙwaya, daga ina za a fara? Daga amincewa cewa yawon tunani ɗabi'ar ƙwaƙwalwa ce. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun bi mutum 2,250 ta waya, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi kuma me suke tunani. A kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, tunani yana wani wuri dabam da aikin da ke hannu. Ɗalibin da ya tsinci kansa yana lissafin kuɗin makaranta a tsakiyar shafi bai kamu da wata cuta ba. Abin tambaya shi ne me ke sa hankali ya rage fita, kuma in ya fita me ke dawo da shi. Shekara uku bayan wancan binciken, a jami'ar dai, Karl Szpunar da Daniel Schacter suka ɗauki lakcar bidiyo ta darasin ƙididdiga suka yanka ta kashi huɗu. Wasu ɗalibai ana yi musu 'yan tambayoyi bayan kowane kashi. Wasu ba a tambayarsu, wasu kuma ana nuna musu tambayoyin tare da amsoshin su karanta kawai. Waɗanda suka san tambaya na jiransu sun rage yawon tunani da kusan rabi, sun fi rubuta bayanai, sun kuma fi cin jarrabawar ƙarshe. Ba a yi musu wa'azi a kan muhimmancin ilimi ba, ba a ba su komai sun sha ba. An dai sa musu abin da za su yi da abin da suke ji.

Wannan ya kai mu ga yadda mafi yawan ɗalibai ke karatu. A buɗe handawut, a bi layi da ido, a ja layi da biro a ƙarƙashin abin da ake ganin zai fito, a kai ƙarshe a dawo farko. Ido na iya yin wannan aikin shi kaɗai ba tare da ya nemi taimakon ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa mutum kan gama shafi biyu kafin ya farga cewa tun ɗazu yana gida wajen bikin ƙanwarsa. Mafi muni, maimaitawar tana yaudara. Karo na uku da ka ga sakin layi, ya zame maka sananne, sai ka ɗauka ka iya shi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun auna wannan yaudara. Wani rukunin ɗalibai ya karanta gajeren rubutu a zama huɗu, wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sannan a sauran ukun aka ɗauke rubutun aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 83 a kan 71. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa sun faɗo kashi 40, masu tuno da ka suna da 61. Masu maimaitawar kuma su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace bincike a kan dabarun karatu guda goma. Biyu ne kawai suka sami babbar daraja, wato gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba karatu a kwanaki. Jan layi da maimaita karantawa, waɗanda kowa ya fi yi, suna can ƙasa.

Abin mamaki shi ne Bahaushe bai kamata ya jira Amurka ta gaya masa wannan ba, domin yana da shi a tsangaya tun kaka da kakanni. Dubi mai hadda. Zai rubuta allonsa da tawada, malam ya biya masa ya gyara masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa da murya. Amma ba a yarda ya iya ba sai ya zo gaban malam, an juya allo ko an karɓe shi, ya kawo karatun da ka. In ya yi tuntuɓe, ba wanki, ya koma. In ya kawo, sai a wanke allo a rubuta na gaba, wanda aka wanke kuma bai tafi ke nan ba, ya shiga tilawa, ana bibiyarsa da asuba da dare, yau da gobe, har shekaru. A cikin wannan tsari babu inda aka bar almajiri ya auna kansa da “ina jin na iya”. Ma'aunin ɗaya ne, a rufe rubutu a ji ko yana nan. Ɗalibin da ya yi saukar Alƙur'ani yana ƙarami ya san duk wannan a jikinsa, amma da ya shiga jami'a sai ya ajiye shi a bakin get, kamar karatun boko da wata ƙwaƙwalwa dabam ake yin sa.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, hadda daban fahimta daban. Ɗalibin injiniya ko lauya ko likita ba aku ake so ya zama ba, kuma jami'o'inmu sun riga sun cika da masu haddace handawut su juye wa malami kayansa a ranar jarrabawa. Amma abin da ake arowa daga tsangaya shi ne rufe allo, ba nanata lafazi ba. Abin da za ka nemi ƙwaƙwalwa ta kawo bayan an rufe littafi ya danganta da fanninka: me ya sa wannan sinadari ke yin haka in ya haɗu da wancan, ina bambancin wannan hukunci da wancan, yaya za a warware wannan lissafi in an sauya lambobi. A 2011 Karpicke da Janell Blunt a Jami'ar Purdue sun kwatanta tuno da ka da zana taswirar alaƙar ra'ayoyi littafi na buɗe, dabarar da ake ɗauka ta masu zurfin fahimta ce. Masu tuno da ka ne suka yi nasara, har a tambayoyin da ke neman a haɗa bayanai a fitar da abin da ba a faɗa ƙarara ba. Ga ɗalibinmu ma akwai wani gwaji da ya fi wannan tsanani, kuma kyauta ne. Ka karanta da Turanci, ka rufe, ka yi wa abokinka bayani da Hausa. Wanda ya haddace jimla bai gane ta ba, a nan asirinsa ke tonuwa, domin ba a fassara abin da ba a fahimta ba.

A aikace abin ba shi da ado. Karanta sashe guda, kife takardar, ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ya zauna, sannan ka buɗe ka ga inda ka zubar. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda ake rububin nema a makon ƙarshe, tun makon farko na zango ya kamata su shiga hannu. Lakcar yau a waiwaye ta gobe, sannan bayan kwana uku ko huɗu, sannan bayan mako biyu, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko. Akwai masu bin tsarin Francesco Cirillo ɗan Italiya, minti 25 na aiki da biyar na hutu. Yana da amfani ga wanda fara karatu ke masa nauyi, amma lambar 25 ba wahayi ba ce. Wanda lokutan salla suka riga suka yanka masa yini gida-gida yana da iyakoki na asali da zai jingina karatunsa da su. Irin wannan karatu ya fi gajiyarwa, kuma ba shi da daɗi, saboda kowane zama yana nuna maka abin da ba ka sani ba. Wannan rashin daɗin shi ke sa mutane komawa ga jan layi.

Sai maganar waya. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe kusan shekara ashirin tana auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin su sauya. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne, a 'yan shekarun nan ya dawo daƙiƙa 47. Asarar ba ta tsaya a daƙiƙun da aka ɓata wajen duba saƙo ba. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani ɓangare na tunaninsa yakan maƙale a na baya. Wanda ya karanta gardamar siyasa a guruf ya dawo kan littafi, rabinsa yana can yana shirya amsa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida sun gano cewa ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, tana ƙara yawan kurakurai a aikin da ke buƙatar natsuwa. A 2017 kuma Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai kusan 800, suka ga waɗanda aka bar wayarsu a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kife a kan tebur. Wasu da suka maimaita wannan gwaji na ƙarshe ba su sami bambanci mai yawa ba, don haka kada a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Amma ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a san cewa wayar da ke wani ɗaki ba a ɗaukarta sau ashirin a awa guda. Cutarwar ma ba ta tsaya kan mai wayar ba. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2013 ya nuna cewa ɗaliban da ke wasu harkoki a kwamfuta ana lakca sun yi ƙasa da kashi 11 a gwajin da ya biyo baya, waɗanda ke zaune suna hangen fuskar kwamfutar tasu kuwa da kashi 17.

Nan ne ɗalibin Najeriya ko Nijar zai ɗaga hannu, kuma ƙorafinsa mai nauyi ne. Wayar nan ita ce laburarensa. Handawut a WhatsApp ake turo shi, littafin da ba zai iya saya ba a cikinta yake, sauya lokacin lakca a guruf wakilin aji ke sanarwa, kuɗin fotokofi kuma ya tashi. Ce masa ya rabu da waya tamkar ce masa ya rabu da karatun ne. Haka ne, sai dai karanta fayil ɗin da aka riga aka sauke ba ya buƙatar data a buɗe, kuma sanarwar aji ba ta lalacewa don an duba ta sau uku a yini maimakon sau hamsin. Abin da ya fi wannan, in ɗalibi ya koma karatun rufe allo, rabin zamansa ba ya buƙatar rubutun kwata-kwata, takarda da biro yake buƙata. A kwafe tambayoyi goma a takarda, a kai wayar wurin mai caji a bar ta awa biyu, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Angela Duckworth da abokan aikinta sun gwada wannan tunani a 2016. An ce wa wasu ɗalibai su kawar da abin da ke jan hankalinsu daga inda suke karatu, wasu kuma aka ce su daure su yi ta maza. Bayan mako guda masu kawarwa sun fi cimma burin karatun da suka sa wa kansu. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan manhajoji suna biyan dubban ƙwararru albashi don kada ka ajiye wayar, kuma kuɗinsu daga lokacinka yake fitowa. Ɗalibin da ya ce zai kara da su da ƙarfin zuciya kawai, waya na gefen littafi, ya shiga kokawar da ba dole sai ya yi ta ba.

TDB kuwa ita ce al'adar da ta fi wuyar taɓawa, domin ta zama abin alfahari. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT sun ɗaura wa ɗalibai 100 na wani ajin kimiyyar sinadarai agogon auna barci tsawon zango guda. Tsawon barci, ingancinsa da daidaituwar lokacinsa sun bayyana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin makin da ɗaliban suka samu. Wani abin lura, barcin daren jarrabawa shi kaɗai bai nuna alaƙa da maki ba, barcin makon da watan da aka yi ana koyon darasin shi ne ya nuna. Dalilin sananne ne a kimiyyar ƙwaƙwalwa: a cikin barci ne abin da aka koya da rana ke samun gindin zama. Tun a 2000 kuma wani bincike na Ann Williamson da Anne-Marie Feyer ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurinsa da lurarsa sukan faɗi zuwa matakin wanda ya sha giya har ma'aunin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi da asuba ya kai ƙarfe ɗayan dare a aji ya riga ya wuce wannan iyaka, sannan yana mamakin me ya sa layi ɗaya ke gagararsa. Goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemon ƙara kuzari duk sinadarin kafin ne ke aiki a cikinsu, kuma yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Da safe ba laifi. Bayan la'asar kuwa, barcin dare ake ci bashi, gobe a biya da gyangyaɗi a lakca, a sake neman goro.

Masu kare TDB za su ce ai da ita suka ci jarrabawa, kuma ba za a ƙaryata su ba. Sakamakon minti biyar na gwajin Roediger yana tare da su: abin da aka cusa daren jiya yakan kai safiya. Amma sakamakon mako guda ma yana nan, kuma digiri shekara huɗu ne zuwa shida, darasin aji biyu a kan na aji ɗaya aka gina shi. Ɗalibin da ya ci lissafin shekarar farko da kwanan zaune ya manta shi kafin a dawo hutu, shi ne wanda a shekara ta biyu lakca ke zame masa baƙon yare, hankalinsa ya ƙi zama, ya ce ba shi da natsuwa. Da wuya hankali ya tsaya a kan abin da ba shi da tushen fahimtarsa. Yawancin abin da ake kira rashin natsuwa a manyan azuzuwa tsohon bashi ne na karatun da aka haye ba a iya ba.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan gaskiya. Binciken da aka ambata akasari a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa aka yi shi. Ɗalibinmu yana ɗakin da aka gina don mutum huɗu ana kwana takwas, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga tsadar abinci da ta mota tun bayan cire tallafin mai a 2023. Wani yana haɗa karatu da sana'a, wata da goyo da girki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya sa an matse zangunan karatu ana tseren cike giɓi. Babu dabarar karatun da za ta ƙosar da mai jin yunwa, kuma rashin adalci ne a ɗora wa ɗalibi laifin abin da hukuma ta kasa. Amma wannan hali hujja ce ta gyara tsari, domin wanda awa biyu kacal yake da su shi ya fi kowa buƙatar kada su tafi a jan layi. Kuma akwai lokaci guda da ƙuncin bai cika kaiwa gare shi ba, daga sallar asuba zuwa hantsi. Gari da sanyi, guruf-guruf sun yi shiru, hasken rana ba ya jiran NEPA. Sharaɗinsa ɗaya ne, a kwanta da wuri.

Wani rukunin kuma shawara irin wannan ba za ta ishe su ba. Lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD gaskiya ce. Tana farawa tun yarinta, kuma tana bayyana a ko'ina, a gida da makaranta da mu'amala, ba a makon jarrabawa kaɗai ba. Ciwon damuwa, fargaba mai tsanani, ƙarancin jini da matsalar ido duk suna iya zuwa da kamannin kasa karatu. Wanda ya gyara barcinsa, ya nisanta waya, ya sauya salon karatu na makonni, abin bai motsa ba, ko kuma ya ga ya daina jin daɗin komai, asibitin makaranta ya kamata ya nufa, daga nan a tura shi gaba in da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya karanta wannan rubutu. Abin da ake gudu shi ne ƙwayar da aboki ya miƙo a ɗakin kwana.

Saura malamai da hukumomin jami'a, domin ɗalibi yana karatu ne daidai da yadda ake auna shi. In makin aikin zango, kashi 30 ko 40 cikin ɗarin nan, a tes guda ake tattara shi ana gab da jarrabawa, an koya wa ɗalibi ya yi barci wata uku ya farka dare uku. A raba makin nan a ƙananan tambayoyi na mako-mako, ko da na minti biyar ne a farkon lakca, a takarda ko ta waya inda aji ya yi yawa. A sa yadda ake karatu cikin abin da ake koya wa sababbin ɗalibai a makon karɓarsu, maimakon jawabai kawai. A kuma sa wa ɗakunan karatu sola da fanka, a buɗe su tun bayan sallar asuba, domin ɗalibin da ya yarda ya kwanta da wuri ya sami inda zai zauna in ya tashi.